Fuskar da Ba Ta Kalla Ba

A layin da shagonta yake, babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Kalle-ni ake ce mata, manya da yara, har mai kawo takardar wuta. Aikinta ne ya ja mata sunan. Duk macen da ta zauna a kujerarta, kafin ta ɗauki mataji sai ta tattare gashin gaba ɗaya ta mayar da shi baya, ta riƙe da hannu ɗaya, ta zagayo gaba ta ce, "Kalle ni." Sai ta tsaya tana duban fuskar daga goshi zuwa haɓa, daga kunne zuwa kunne, kamar manomi yana karanta sararin sama. Bayan nan ne take faɗin kitson da za a yi.

Mata kan zo da hoto a waya su ce wannan suke so. Takan duba hoton, ta duba mai shi, ta ce, "Kitson kika ɗauko, fuskar kuma kin baro ta a waya. Ke taki doguwa ce, 'yar nan. In na ɗora miki wannan tudu a ka, sai kin sunkuya za ki shiga mota." A yi dariya, mai hoton ta tura baki, a ƙarshe ta yarda. Doguwar fuska, in ji Kalle-ni, ba a ƙara mata tsayi, kwantar mata da sama ake yi a cika gefe. Zagayayyiya kuma a ɗaga mata sama, a karkata tsagar, a matse wajen kunne. Mai faɗin muƙamuƙi a sako mata jela mai laushi ta wuce haɓa. In wata ta ce ai ɗankwali zai rufe, sai ta ce, "Ɗankwalin a kan me zai zauna? A kan iska?"

Tana da shekara goma sha uku ta fara, a ƙarƙashin matakalar wani bene inda goggonta ke kitso a kan tabarma. Shekara biyu tsifa kawai aka bar ta tana yi. Ta auri direban babbar mota, mutum dogo mai doguwar fuska da ƙarancin magana, ta haifa masa maza biyu da mace ɗaya. Da ya rasu ta kama wannan shago mai kujera biyu, da madubi mai baƙin tabo a kusurwa, da fanka mai kuka kamar tsohuwar ƙofa. Mazan suka girma, aiki ya kai su nesa. Auta ce ta zauna da ita, ta zama malamar aji huɗu a makarantar da ke bayan tashar mota.

Auta fuskar ubanta ta ɗauko, doguwa siririya. Tun tana shekara biyar kitso ɗaya uwar ke mata: tsaga a tsakiya, sama a kwance, gefe a cike har ya rufe rabin kunne. Kuma ba a shago ake yi ba. A gida ne, ran Asabar, Auta a ƙasa tsakanin gwiwoyin uwarta, ta ba ta baya. Shekara ashirin da huɗu ana haka. Ita kaɗai ce a duniya ba a taɓa ce wa "Kalle ni" ba, don hannun ya riga ya haddace ta.

Sai ciwon ƙoda ya kama Auta. Aka yi wata biyu a asibiti, aka dawo gida da ƙwayoyi cike da leda. Maganin ya riƙe mata rai, amma ya kumbura mata fuska. Likita ya faɗa tun farko cewa haka zai yi.

Kalle-ni ba ta yi kuka ba, ko a asibiti ko a gida. Wani abu ne ya kwanta a ƙirjinta, kamar yadda ƙafa ke mutuwa in an daɗe a zaune, sai dai wannan bai farfaɗo ba. Tana tashi, ta dafa ruwa, ta jera ƙwayoyin safe a faranti, ta tafi shago, ta dawo. Abinci a bakinta kamar takarda. Masu zuwa kitso ba su ga canji ba: tana duban fuskokinsu, tana faɗin abin da ya dace, har barkwancin tana yi, da murya ɗaya kullum. A gida kuwa ta koyi wata irin magana da 'yarta. Takan kalli kofin da ke hannun Auta, ko bargon da ke gwiwarta, ko bangon da ke bayan kanta. Wata bakwai ba ta ɗora ido a fuskar ba, kuma ba ta san tana hakan ba.

Ran wata Alhamis takarda ta zo daga makaranta. Hutun jinya ya ƙare. In Malama ba ta koma ran Litinin ba, za a ba wata ajin, ba kuma na wucin gadi ba.

Auta ta karanta ta ninke. Tun da aka sallame ta ba ta taka ƙofar gida ba sai in za a je ganin likita, nan ma da mayafi har hanci.

"Ƙarfi dai ina da shi, Mama," ta ce. "Likita ma ya ce in koma."

"To ki koma," in ji uwar, idonta a kan takardar.

"Ki yi min kitsona na da. In na ga kaina kamar da, zan iya tsayawa gaban yaran nan."

Ran Asabar Auta ta zauna a ƙasa ta ba da baya. Gashin ya yi laushi, ya ragu, mataji na fita da shi. Hannun Kalle-ni ya kama hanyarsa shi kaɗai, kamar jaki mai komawa gida: tsaga a tsakiya, sama a kwance, gefe a cike. Kafin azahar an gama. Auta ta tashi ta shiga ɗaki, inda ƙaramin madubi ke rataye bayan ƙofa. Ta daɗe. Da ta fito ta riga ta ɗaure kan, ta ja mayafi.

"Ba zan je ba," ta ce. "Ki aika musu su ba wata."

"To," in ji Kalle-ni. Ta tsince gashin da ke cikin mataji, ta dunƙule, ta jefa a kwandon shara. Ta sa takalmi ta tafi shago, don akwai mai jiranta ƙarfe biyu.

Shagon da ke manne da nata na mai ɗinki ne, ƙawarta ta shekara ashirin, mace mai ƙiba da baki kamar almakashinta. Da yamma ta leƙo da riguna biyu a kafaɗa.

"Ga kayan Malama, na buɗe su. Jibi sai aji."

"Ta fasa."

"Ta fasa me? Ni da na ture ɗinkin mutane saboda ita?"

"Na yi mata kitso, ta duba madubi, ta ce ta fasa."

"Wane kika yi mata?"

"Nata."

Mai ɗinki ta ajiye rigunan a kan kujera a hankali. "Na da? Mai cika gefen nan? A wannan fuskar?"

Kalle-ni ta ci gaba da goge mataji.

"Ke tsohuwa, da ke nake. Ni na auna yarinyar nan da hannuna. Inci uku na ƙara a wuya. Tef ba ya jin kunyar kowa. Ke da kika hana matar mai kantin magani kitson da take so, kika ce zai mai da kanta kamar faranti, shi ne kika je kika yi wa 'yar cikinki? Yaushe rabonki da ki kalle ta?"

"Kullum muna tare."

"Ban ce tare ba. Ni ma kullum ina tare da ƙeyata."

Kalle-ni ta nemi fuskar Auta a cikin kanta, sai ta samo ta bara, doguwa, tana dariya a bakin ƙofa da jakar littattafai. Ta nemi ta jiya, ta shekaranjiya, ta watan jiya. Kofi ta samu, da bargo, da bango.

Ran Lahadi ba a buɗe shago. Da hantsi ta ce wa Auta, "Sa mayafinki, raka ni."

"Ina?"

"Shago."

"Mama, na ce miki na fasa."

"Na ji. Kitson ne ban so ya kwana biyu a kanki da sunana."

Layin babu kowa sai wani kare a inuwar mota. Ta buɗe ƙofa, ta kunna fanka, ta nuna kujera. Auta ta zauna a ɗarare, don ba ta taɓa zama a nan ba sai in tana jiran a tashi. Ta sunkuyar da kai don kada ta haɗu da madubi. Uwar ta tsefe aikin jiya layi-layi, ta taje, ta tattare gashin ta mayar baya, ta riƙe. Ta zagayo gaba. Ta faɗi maganar da take faɗa wa kowa.

"Kalle ni."

Auta ta ɗago.

Kumatun sun cika sun haɗiye ƙashin kunci. Haɓar nan mai tsini ta nutse, wata ta fito a ƙarƙashinta. Idanun sun ƙanƙance kamar tagogin da gini ya matse. Fatar na sheƙi. Goshin dai na nan, da ɗan tabon da ke gefen gira tun faɗuwar da ta yi a matakala tana aji ɗaya. Kalle-ni ta tsaya tana jiran abin da uwa ke ji ya zo ya buge ta. Bai zo ba. Idon sana'a ne kawai ya tashi ya kama aiki: daga goshi zuwa haɓa, daga kunne zuwa kunne. Tsayi da faɗi sun zo ɗaya.

"Zagayayyiya ce," ta ce.

Auta ta saki numfashi mai tsawo. "Na sani, Mama. Wata bakwai ina jiran wani ya faɗa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce na murmure, na yi kyau. Ke kuma sai ki yi ta hira da kofina."

"Na yi."

"Har na fara zaton abin ya fi yadda nake gani muni, tunda ke ma kin kasa."

"Bai fi ba. Fuska ce. Na yi wa irinta ɗari."

"Za ta koma?"

"Likita ya ce in an rage magani tana iya sauka. Wannan nasa ne. Ni ta yau aka kawo min."

Ta koma baya ta ɗauki tsinke. Ta ja tsaga daga saman girar hagu, a karkace. Ta kama gefe-gefe siriri, ta kwantar da su lif a bayan kunne, ba ta ja da ƙarfi ba saboda gashin ba zai ɗauka ba. Sauran ta tattara shi sama, ta gina shi kaɗan-kaɗan a bayan goshi. Sau biyu hannun ya zame zai koma tsohuwar hanya, sau biyu ta warware. Duk bayan layi uku sai ta zagayo ta duba, abin da ba ta taɓa yi wa wannan kan ba. Fanka na kuka. Suna nan har rana ta karkata ta shigo ta ƙofa ta kwanta a ƙafafunsu.

"Duba."

Auta ta duba. Fuskar ba ta koma ta da ba. Amma ta sami tsayi, kumatun sun ja baya, idanun sun fito. Ta juya hagu, ta juya dama. Ta ɗaura ɗankwali a kai, ya zauna da ɗan tudu, ta kwance.

"Kamar wata ce," ta ce.

"Wata ce. Ba ta da laifi dai."

Auta ba ta ce za ta je ba, uwar ba ta tambaya ba. Suka kulle shago suka koma gida.

Ran Litinin Kalle-ni na jera ƙwayoyi a faranti ta ji ƙarar dutsen guga a ɗaki. Ƙarfe bakwai Auta ta fito cikin shuɗiyar rigar da aka buɗe, jaka a kafaɗa, mayafin a wuya. Ta sha magani a tsaye. A bakin ƙofa ta tsaya har uwar ta ƙirga numfashinta biyar, sannan ta fita.

Kalle-ni ta yi kai uku a ranar. Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji tsoro ba. Da azahar dai ta lura tana jin yunwa, ta yi mamaki, ta aika wa mai ɗinki ko da saura a kwanonta.

Ƙarfe uku Auta ta shigo shagon, alli a hannun riga, ta zube a kujerar jira tana haki.

"Yaya?" in ji uwar, tana kallonta.

"Ina shiga suka yi tsit. Sai wata mai bakin tsiya a layin gaba ta ce, 'Malama, kin yi ƙiba!'"

"Kika ce me?"

"Na ce eh, na yi. A buɗe shafi na arba'in." Ta cire takalmi tana murza ƙafa. "Mama, na bayan nan ya ɗan matse ni. Asabar ta sama a nan za ki sake min, ba a gida ba."

"Ran nan akwai mutum biyu a gabanki."

"Zan jira."