Tsarabar Garin da Ba a Je Ba

Idan ana neman mutumin da ya ɗauki hutu abokin gaba a Osaka, da Kuwabara za a fara. Tun yana saurayi yake aiki a wani kamfanin famfunan ruwa, har furfura ta cinye masa kai, kuma tinƙahonsa a duniya guda ne: kujerarsa ba ta taɓa yin sanyi ba. Ranar da aka haifi 'yarsa Naoko ma a waya ya ji kukanta, ya ce madalla, ya ci gaba da cinikin bututu.

Matarsa Fumie kuwa burinta ɗaya, shi ma ba na a zo a gani ba. So take su je Kinosaki, garin da ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ta jiƙa gwiwoyinta masu ciwo. Tun suna ango da amarya ya yi mata alkawari. Duk shekara sai ta fito da jakar tafiya ta kakkaɓe, shi kuma ya ce aiki ya yi yawa, sai baɗi. Jakar ta tsufa ba ta san hanyar tasha ba.

Bana sai manajansu Horiuchi ya ce daga sama an matsa, dole kowa ya huta. Kuwabara ya ji kamar korarsa aka yi. Ya bi tebur-tebur yana rusunawa, yana ba abokan aiki haƙuri kan wannan ɗanyen aiki da zai yi musu. Da suka tambayi inda za shi, bakinsa ya suɓuce ya ce Kinosaki, shi da uwargida.

A gida ya ɓoye zancen hutun. In ya yi nisa, famfo ya fashe a wani wuri, wa zai riƙe Japan? Don haka kullum da safe sai ya sa kwat, ya karɓi ƙunshin shinkafarsa a hannun Fumie, ya shiga jirgin ƙasan nan mai kewaya gari. Jirgi na zagaye, shi yana gyangyaɗi, in an zo saitin ofis ya miƙa wuya ya duba. Ginin, don rashin kunya, yana nan tsaye ba tare da shi ba.

Saura tsaraba. Wanda ya huta ba ya komawa ofis hannu rabbana, sai da kwalin alawar garin da ya je, kowa a ajiye masa a tebur, kaffarar barcin da aka yi. Kuwabara ya samo ta Kinosaki a wani babban kanti a nan Osaka, ya raba, har da labarin yadda tururi ke tashi. Aka yaba, ya ɗauka ya sha.

Ya manta cewa matar Horiuchi da Fumie wurin mai kifi ɗaya suke cefane.

Ran nan ya dawo ya tarar da shayi, ga alawa ƙwaya ɗaya a faranti an raba ta biyu. Takardar da aka naɗe ta tana gefe a shimfiɗe, sunan garin ɓaro-ɓaro.

"Matar maigidanka ce ta ba ni," in ji Fumie. "Wai ita sukari ya hana ta, ni da na san daɗinta in ƙara. Ta tambayi ko ruwan ya yi wa gwiwata amfani, na ce sosai, har gudu nake yi yanzu."

Kunya ta lulluɓe shi. Ya lalubi zancen aiki, ya ga wannan karon ba zai ɗauke shi ba, sai ya fara cewa baɗi.

"Bar baɗin nan ta huta, Baban Naoko, jakar ma na bayar." Ta turo masa rabin alawar. "Zauna ka faɗa mini yadda ɗakinmu yake da abin da muka ci. Gobe za ta sake tambayata, kada in kunyata ka."