Gidan Inna a Rogo

Shekarar da Malam ya yi ritaya daga koyarwa, mai gidan da muke haya a Karaye ya aiko a gaya mana ɗansa zai yi aure, yana son gidansa kafin ruwa ya sauka. Ba mu yi musu ba, mai abu da abinsa. Malam ya ce tunda haƙƙinsa na barin aiki ya fito, gara mu sayi namu ko ɗan ƙarami ne, mu huta da tashi-tashi da tsufanmu. Da haka muka faɗa hannun dillali.

Dillalin nan wani dogon mutum ne mai tsohon babur, ga baki kamar an jiƙa shi da zuma. Duk gidan da zai kai mu, tun a hanya ya gama gina shi da baki har da fenti. Na farko yana hanyar Tudun Kaya, ya ce ko hakimi ya samu ya more. Muka je muka tarar rabin katanga ta kwanta, awakin maƙwabta suna tuƙa a ɗakin da ya kira falo. Na biyu a cikin gari yake, kwatar unguwar gaba ɗaya ta ƙofarsa take bi. Na toshe hanci, shi kuwa ko a jikinsa.

"Hajiya, ai da rani bushewa take yi," in ji shi.

"To da damina a ina za mu zauna, a kan baburinka?"

Malam ya harare ni. Shi mutum ne mai kawaici, ni kuwa abin da ke cikina shi ke bakina, kuma ya san da haka ya aure ni.

Yawancin gidajen da muka gani da mutane a ciki. Baƙon namiji kuwa ba ya wuce zaure a gidan da matan aure suke, ko da shi ne zai saya. Don haka aikin ya rabu. Malam da dillali su zagaya ta waje su duba katanga da kwano, ni in shiga in taɓa bango, in leƙa rijiya da banɗaki, in ɗaga kai in nemi alamar yoyo, in fito in ba da labari. Abin da na faɗa, shi Malam ya gani.

Da Karaye ta gagara, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sai dillali ya zo da zancen wani gida a Rogo. Ya ce gidan gado ne, magada ke son rabawa. Malam yana da dangi a Zoza, can ƙasar Rogo, don haka bai ƙi ba. Ni dai na riga na daina yarda da bakin mutumin nan, na shiga mota ne kawai don kada a ce na ƙi.

Da hantsi muka isa. Tun daga waje na ga a karon nan bai yi ƙarya ba. Wani magidanci mai furfura jefi-jefi ya tare mu a zaure, dillali ya ce shi ne babban ɗan marigayin. Suka gaisa da Malam, amma idonsa na ƙasa. Zan shiga ke nan dillali ya matso ya rage murya.

"Hajiya, in kin shiga, gaisuwa kawai kika zo yi. Ki duba da ido, kada ki ce komai."

Ban kawo komai a raina ba. Mutane da yawa ba sa son maƙwabta su ji suna sayar da gida sai an gama. Na yi sallama na shiga.

Tsakar gida ce mai faɗi, an share ta tas. Ga lemon tsami a tsakiya ya yi inuwa, ga rumbu a gefe, ga ɗakuna a jere bangonsu lafiya lau. A gindin lemon wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma, da faifai a cinyarta, tana ɓarar gyaɗa.

"Lale, lale! Maraba da baƙuwa. 'Yar wa ce?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce daga Karaye nake, maigidana yana zaure tare da ɗanta.

"Ayya, abokin babban nawa ne. Kun kyauta, Allah ya bar zumunci. Zauna nan kusa da ni, 'yar nan, kunnen ya fara nauyi."

Ta ƙwala wa surukarta kira, matar babban ɗan, ta ce a kawo ruwa a dama fura. Na sha, har na ƙara, don furar ta ji nono. Ina sha ina satar kallon ɗakuna, a raina har na zaɓi wanda zan sa gadona. Ashe tsohuwa tana lura da ni.

"Na ga rijiyar kike kallo. Zo ki gani."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ja ni. Ta ce marigayi ne ya haƙa ta shekarar da aka kawo ta gidan, kuma ko a farin da ya kori mutane ba ta ƙafe ba. Ta buga bangon ɗaki da tafin hannu ta ce in ji, wannan ginin mutanen da ne. Ta nuna mini ɗakin da ta haifi 'ya'yanta duka. Abin da na zo dubawa a ɓoye, ita ta riƙa buɗe mini shi ɗaya bayan ɗaya, fiye da yadda dillali zai yi. Sai muka zagaya baya, inda aka kewaye wani ɗan fili da kara.

"Gyaɗar da kika ga ina ɓara, iri ce, nan zan zuba ta in ruwa ya sauka. Can kuma kuɓewa. In Allah ya kai mu kaka, zan sa a sake wa ɗakina yaɓe. Ki dawo lokacin, ki ci ɗanyar gyaɗa."

Wanda zai tashi ba ya zancen kaka. Na waiga na dubi surukar, ta sunkuyar da kai. Da tsohuwa ta koma tabarmarta, na bi matar har madafa kamar zan mayar da kwano. Ban ma buɗe baki ba ta kama hannuna.

"Don Allah Yaya, ki rufa mana asiri. Inna ba ta sani ba. Sun ce sai an gama ciniki za a gaya mata, a kai ta wajen 'yarta a Beli."

"Ba ta sani ba?"

"Ba ke ce ta farko ba. Duk wadda ta shigo, Inna murna take yi, wai bana mutane sun tuna da ita."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Na ga gidajen banza iri-iri a yawon nan, na yi tsaki na wuce, amma ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba. An mai da ni ɓarauniya da rana tsaka, mai gida kuma tana yi mini lale. Da zan fita ta ƙulle mini lemo a leda, tana sa mini albarka.

A zaure Malam ya ce, "Yaya cikin?"

"Gidan ba shi da makusa, Malam. Irinsa muke nema. Sai dai mai shi ba ta san an sa shi a kasuwa ba."

Malam ya juya ya dubi babban ɗan. Mutumin ya share goshi da hula.

"Hajiya, gado ne, ƙannena sun matsa, kowa da buƙatarsa. Tumuninta, kasonta na matar mamaci, yana nan, ba mai taɓa mata. Hawan jini gare ta, shi ya sa muke lallaɓawa."

"Ba wani abu ba ne," dillali ya tsoma baki. "In ba ku so, gobe akwai mai zuwa da iyalinsa."

Na dubi Malam. Na san abin da yake tunani: ruwa na tafe, ba mu da wajen zuwa, ga gida a gabanmu. Can ya nisa ya ce, "Mu dai mun haƙura. Allah ya kyauta. Zo mu tafi."

Ni kuwa maganar dillali ce ta tsaya mini. Gobe wata za ta shiga, a dama mata fura, a ja ta a nuna mata rijiya. Raina ya ɓaci. Na miƙa wa Malam ledar lemon, na juya ciki.

"Ke! Ba huruminmu ba ne!" in ji Malam. Amma iyakarsa zaure, shi da dillali. Wanda yake da ikon bina ya tare ni shi ne ɗanta, shi kuwa ko motsi bai yi ba.

Na same ta ta koma kan gyaɗarta. Na durƙusa daf da kunnenta.

"Inna, ki yafe mini. Ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. An sa gidan nan a kasuwa, mu aka kawo mu gani."

Hannunta ya tsaya cak. Wata kaza ta zo tana tsattsagar gyaɗar daga faifan, ba ta kore ta ba. Ta daɗe tana kallon ƙofar zaure, sannan ta dube ni, muryarta ko rawa ba ta yi.

"To 'yar nan, da ni a ciki aka yi muku kuɗinsa, ko sai an fitar da ni?"

Hawaye ya zubo mini. Ta ajiye faifan a ƙasa, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce da surukarta, "Je ki zaure, ki ce wa mijinki ina kiransa."