Ƙibar Barmo

Yayana Barmo bai taɓa yin jiki ba. Siriri ne kamar karan dawa, amma duk Tsarnawa an san idan an kira gayya, maza sun taru don nome gonar mutum ɗaya, shi ake sawa a kunyar gaba. Kafin makaɗi ya gama ɗaure gangarsa Barmo ya kai tsakiyar gona. Ya nome ta Halilu maƙwabcinmu shekarar da ya karye, ya nome ta rabin unguwa. Ladarsa fura da sannu da aiki.

Shekarar babban fari, wadda shanu suka ƙare muka koma cin dusa da anza, 'ya'yan icen daji masu ɗaci, kowa ya rame sai shi. Ƙafafunsa suka cika, fuska ta cika, ciki ya ɗaga riga. Ni ƙanwarsa na ɗora shi bisa jaki muka je Konni. Likita ya danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ce ƙoda ce ta gaza, ruwa ne ya taru a jiki. Ya ce ya bar gishiri da kanwa, ya bar hauya, amma kada ya kwanta, ya riƙa ɗan takawa kullum.

To mutanenmu ido gare su, ba su da kunne. Sun ga mutum ya cika a shekarar da ƙashin wuyan kowa ya fito, sai suka yi masa lissafin da ya fi sauƙi.

"Wanga ba ciwo ba na," in ji Halilu a bakin masallaci. "Hatsi na yaɓ ɓoye. Shina ci shi ɗai."

Barmo ya bi maganar likita. Kowace safiya yakan dogara sanda ya nufi gona, ya tsaya gindin kalgo ya yi haki, ya sake ɗagawa. Wannan ma ya zama laifi. Wai mai iya zuwa gona ai ya iya noma, ƙoshi ne ya sa shi lalaci. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Da damina ta dawo, ni da matarsa Saratu muka shuka irin da muka hana kanmu ci. Gero ya fito, ciyawa ta fito ta fi shi. Mata biyu masu yunwa ba su iya wannan gona. Barmo, wanda bai taɓa roƙon kowa ba, ya aike ni gida gida in kira gayya.

"Shi buɗe rumbu tukuna," suka ce. "Ba mu noma ma mai ƙiba da cikinmu wayam."

Na ce su zo su duba rumbun. Ba wanda ya zo, wai kunya. Kunyar leƙa rumbu suke ji, ba ta barin gonarsa ba.

Da na gaya masa, sai ya ce in miƙo hauya.

"Yaya, likita ya hana."

"Likita ba shi da ɗiya huɗu a gidan ga, Rabi."

Kunya ɗaya ya nome, bai kai ƙarshenta ba ya zauna. Ya yi amai, numfashi ya sarƙe. Daga ranar ko zaure bai sake kaiwa ba, kuma ciyawa ta rufe geron yana ji yana gani. Kafin kaka ya rasu.

Ranar jana'iza gidanmu ya cika, har masu ɗaukar makara suna canjin kafaɗa saboda nauyi. Suna fita da shi, ina zaune cikin mata, na hangi Halilu ya zagaya bayan ɗaki da wani. Suka ɗaga murfin rumbun, Halilu ya zura kai ya daɗe yana dubawa. Ba ko zangarniya ɗaya.

Ya sauko, ya kaɗe hannu, ya dubi abokinsa.

"Ka gani ko? Ashe ya cinye duka."