Habsatu Dillaliya da Wayar Gadon Lawali

Duk unguwar da ke bayan tashar Matameye babu gidan da Habsatu dillaliya ba ta san inda randarsa take ba. Shekara talatin da wani abu ke nan tana shiga gidajen mutane da ƙunshi a ka, tun tana bin uwarta a baya, wadda ita ma dillaliya ce. A hannun uwar ta koyi yadda ake murza atamfa a gane wanki nawa ta sha, da yadda ake ƙwanƙwasa kwano a ji ko ya tsage. Gajeriya ce kakkaura, muryarta kan riga ta shiga gida. In ta sa wa kaya kuɗi, to ta sa ke nan, ko za ki yi kuka da majina ba ta ƙara dala. Mata na zaginta a bayan ido, wai bakinta ba linzami, amma ranar da aka matsu ita ɗin dai ake aika wa.

Waya kuwa ba da shawararta ta shigo sana'ar ba. Mazan garin da an gama girbi sai su tsallaka Nijeriya cin rani, wasu Kano, wasu Legas, wasu har Fatakwal. A da tsarabar ɗan cin rani rediyo ce da turmin atamfa. Sai aka wayi gari kowa ya dawo da babbar waya ta shafawa a aljihu, in zai koma ya bar wa matarsa tsohuwar don su riƙa gaisawa. Da damina ta kawo kai, ga iri ba a saya ba, ga taki, ga 'yan ƙwadago, sai a ja Habsatu ɗaki a zaro waya daga ƙarƙashin matashi.

Ta farko da ta shigo hannunta ita ta koya mata hankali. Da kuɗinta ta saye ta, ta naɗe a tsumma ta tura ƙasan adaka, wai sai Sallah ta matso kaya sun yi daraja, yadda take yi wa zannuwa. Wata bakwai wayar na kwance. Ranar da ta kai ta wurin masu tebur a bakin tasha, Habibu mai gyara ya juya ta sau biyu ya ce, “Inna, ai sababbi biyu sun fito a kan wannan, ga batir ya kumbura.” Ko rabin uwar kuɗinta ba ta gani ba. Ranar ba ta ci tuwo ba don haushi, kuma wanda ya san Habsatu ya san ba ƙaramin abu ke raba ta da tuwo ba.

Da wata ce, da ta rantse ta bar harkar. Ita ko ta ɗauki tabarma ta je ta zauna gefen teburin Habibu, kasuwa uku a jere, tana kallon hannunsa tana damunsa da tambaya har sai da ya gaji ya fara yi mata bayani da kansa. Boko dai ba ta yi ba, ko sunan da ke bayan waya ba ta iya karantawa, amma ta fito da nata gwajin. Takan aza waya a kan faranti ta ture ta da yatsa, in ta yi juyi to cikinta ya kumbura. Takan kunna karatu tun azahar ta bar shi har la'asar ta ga abin da ya rage na caji, sannan ta manna ta a kunci ta ji zafi. Ta gane cewa da zarar an yage ledar sabuwar waya wani abu ya riga ya fita daga kuɗinta, kuma kowane wata sai ya ɗebi nasa. Mafi muni shi ne gab da shuka, lokacin da 'yan cin rani ke dawowa kowa na neman sayarwa, mai saye kuma yana yanga. Tun daga nan waya ba ta sake yin kasuwa biyu a hannunta ba, har ta kai matan Dungu da na Yauri suna aiko mata da nasu.

Bara, ana saura kamar wata guda ruwa ya sauka, aka zauna rabon gadon Lawali. Lawali ɗan cin rani ne, zazzaɓi ya kwantar da shi a Kano, kwana biyar aka kawo labarin rasuwarsa tare da jakarsa. Ya bar mata ɗaya, Zuhra, da yara biyu ƙanana. Zuhra 'yar aminiyar Habsatu ce, a gabanta aka yanke mata cibiya, shi ya sa ranar rabon ta je ta zauna da ita a tsakar gida, tun da mai takaba ba ta shiga taron maza.

A zaure Malam Yasin ne ke rabon, ga Sa'adu wan mamaci, ga dattawan dangi. Abin da Lawali ya bari ba shi da yawa: gona, babur, awaki huɗu, ragowar hatsi a rumbu, sai waya. An kira masu sanin gona sun sa mata kuɗi, an kira dillalin dabbobi ya sa wa awaki. Da aka zo kan waya ba wanda ya ga dalilin kiran kowa, don Sa'adu ya samu takardar sayenta a jakar mamacin, da hatimin kanti da komai. Aka mayar da nairar da ke takardar zuwa sefa, ta kama jika tamanin, wato sefa dubu tamanin. Tumunin Zuhra, wato kashi ɗaya cikin takwas da ke rabon mace mai 'ya'ya, shi ma kusan nan ya tsaya. Kowa ya ce abin ya zo daidai.

Kada a zalunci Sa'adu, ba cuta ya nufa ba. Shi a ganinsa kaya mafi kyau a gidan ya zaɓar wa matar ƙanensa. Ya shigo da sallama ya tsaya daga nesa, ya ce, “Zuhra, ga rabonki. Rabon yara yana cikin gona da sauran kaya, yana hannuna amana har su girma.” Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta rungume ta a ƙirji.

Habsatu ta ƙura wa wayar ido. Rabon yara ba a taɓa shi. Wannan wayar ita ce duk abin da Zuhra za ta fita takaba da shi, ita ce jarinta, ita ce sabulunta da gishirinta. Ta ce, “Miƙo in gani.” Ta jawo farantin da ke kusa, ta aza, ta ture da yatsa. Wayar ta yi juyi ɗaya da rabi. Ga tsaga siririya a kusurwar gilashi, ramin caji kuma ya yi sako-sako. Ta gyara mayafi ta miƙe.

Zuhra ta riƙo gefen zanenta. “Inna, don Allah ki bari. Na karɓa.”

“Ke kika karɓa, ni ban karɓa ba.”

Ta tsaya a bakin ƙofar zaure ta ciki ta yi sallama. “Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa, na shigo maganar da ba a kira ni ba. Gona an kira masu gona, awaki an kira mai awaki. Waya wa aka kira?”

Sa'adu ya ɗaga takarda. “Inna Habsatu, ai ga shaida a rubuce. Ba mu ƙara ko dala ba.”

“Takardar ba ta yi ƙarya ba, Sa'adu. Kuɗin ranar da aka saya ta faɗa, yau kuwa rani biyu ke nan. Akuyar can da Lawali ya saya tana 'yar ƙarama, kuɗin ranar saye kuka sa mata ko na yau?”

Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce waya ai ƙarfe ce, ba ta ci ba ta sha, me zai rage ta? Habsatu ba ta yi musu da shi ba. Ta durƙusa ta ajiye wayar a tsakiyar tabarma, ta ce, “To shi ke nan, Baba. Duk wanda ya yarda da kuɗin takarda a cikinku ya kawo jika tamanin a ba yarinya, ya ɗauki waya. Ni ko la'ada ba na so.”

Ba wanda ya miƙa hannu. Wanda ke jan carbi ya ci gaba da ja, wanda ke kallon rufi ya ci gaba da kallo. Malam Yasin mutum ne mai tsoron haƙƙi, nan da nan fuskarsa ta canja. Ya ce, “Kin fitar da mu, Habsatu. Kayan gado da kuɗinsa na ranar rabo ake ƙiyasta shi. Nawa kika sa mata?”

“Ashirin da biyar. Shi ma don ina da mai so a Dungu ne. In aka bari 'yan cin rani suka gama dawowa, ashirin ma sai an yi roƙo.”

Malam ya ce a nemo shaida na biyu. Sa'adu da kansa ya hau babur ya ɗauko Habibu daga tasha. Habibu ya buɗe, ya duba, ya ce ashirin da biyu, amma in Inna ta ce da biyar shi ba zai ja da ita ba. Sa'adu ya daɗe yana kallon takardar nan kafin ya ninke ta ya sa aljihu. Kunya ce ta kama shi, ba fushi ba. Malam ya sake lissafi tun daga farko. Tumunin ya ɗan ragu tun da jimlar ta ragu, sai Malam ya ce to a ba Habsatu wayar ta sayar, a haɗa wa Zuhra rabonta a awaki da kuɗi.

Sai aka ji murya daga bayan ƙofa, ƙasa-ƙasa. Zuhra ce. “Allah gafarta Malam, kada a sayar. Ko nawa ce a bar mini ita a cikin rabona.”

Malam ya ce haƙƙinta ne ta zaɓa. Ya duba allonsa: in an cire kuɗin waya, abin da ya saura mata ya kai akuya biyu. Aka shafa fatiha a kan haka, aka miƙa wa Zuhra wayarta.

Habsatu ta koma tsakar gida tana shirin yi mata faɗa, don a wurinta riƙe tsohuwar waya asara ce tsagwaronta. Ta tarar da Zuhra zaune a ƙofar ɗaki, hawaye na zuba.

“Inna, rani biyu ya yi yana dako a kasuwa kafin ya saye ta. Kika tsaya gaban mutane kika ce ashirin da biyar.”

“Na sani, 'yar nan. Ba wahalarsa na sa wa kuɗi ba, waya na sa wa. To me za ki yi da ita? Batirin nan ba zai ga wata daminar ba.”

Zuhra ta ɗaga wayar daga cinyarta. Ta shafa gilashin ta danna ɗaya daga saƙonnin muryar da ya riƙa aiko mata ta wayar maƙwabciya. Sai ga muryar Lawali a tsakar gida, tar, da ƙarar motocin Kano a bayanta: “Zuhra, kin tashi lafiya? Ya yara? Ki ce wa ƙaramar na sayo mata takalmin, ja, irin wanda ta ce. Saura kaɗan in taho.”

Yarinyar da aka saya wa takalmin ta saki wasanta ta rugo tana duba ƙofa.

Habsatu ta haɗiye faɗan da ta zo da shi. Ta je turke ta kwanto awakin biyu, ta jawo su ta ɗaure a gindin bishiyar da ke gaban ɗakin Zuhra, ta ja igiyar ta tabbatar ƙullin ya kama. Sannan ta dawo ta zauna kusa da ita, ta ce, “Gobe zan kawo Habibu ya kwashe muryar nan ya zuba miki a katin ajiya tun batirin bai mutu ba. Guda nawa ne?”

“Ɗari da goma sha huɗu.”

“To sa mana na gaba.”