Takardun likitar fata da ban ƙirga ba

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin akawu a wata hukumar lafiya a Abuja. Sakandare kawai na gama, na koyi tafireta, daga baya kwamfuta. Amma na iya karatu sarai, shi ya sa ba ni da uzuri a kan abin da na yi wa wata likitar fata.

Ogan sashenmu ne ya dawo daga wani taro a ƙasar waje da sabon tsari. Wai a Sifaniya haka ake bin diddigin binciken likitocin fata: kowace mujallar likitanci da rukuninta, ta fata daban, ta yara daban, ta cututtukan ƙasashe masu zafi daban. Ya miƙo mini jerin, ya ce daga yau abin da likitan fata ya buga a mujallar fata kaɗai zan ƙirga masa. Ban san ko haka suke yi a can ba. Ina zargin rabin bayanin ya ji ya fita shan shayi.

A shekarar akwai gurbi ɗaya na ƙaro karatu ga likitan fata, kuma da lissafin da na haɗa kwamiti zai yi zaɓe. Likitar nan 'yar Filato ce, tana aiki a wani asibitin gwamnati ta wajen Nyanya. Fayil ɗinta ya fi na kowa kauri. Ta yi rubutu a kan ƙazuwa a makarantun Jikwoyi, ta yi a kan makero, ta yi a kan kuturta. Sai dai kusan duka a mujallun yara da na ƙasashe masu zafi ta buga. Takarda ɗaya tak ta faɗa rukunin fata. Na rubuta ɗaya.

Labari ya kai mata, ta zo ofis da farar rigarta a hannu.

"Baba, sannu da aiki. Wai takarda ɗaya ne da ni?"

"Haka jeri ya nuna, Dakta."

"Buɗe fayil ɗin, Baba. Karanta wannan. Ƙazuwa a ina yake fitowa, a hanji?"

Na ce, "A fata."

"To?"

"Mujallar ta yara ce."

"Yaran ba su da fata ne? Na kai shi can don likitocin yara ne suke ganinsu kullum. Likitan da yake can ƙauyen Karshi ina zai ga mujallar fata?"

Abokan aikina suka kwashe da dariya, ni kuwa na ji haushi an kunyata ni a gaban ƙanana. Ta sassauta murya. Ta nuna mini layin ƙarshe na fom ɗin, wajen ƙarin bayani, ta ce in rubuta cewa sauran takardun ma a kan fata suke, kwamiti su yanke da kansu. Ba ta ce in canja lamba ba. Na ce to, zan duba.

Ban duba ba. Oga ba ya son ganin rubutu a wannan layin, ya taɓa ce mini, "Malam, cika fom aka ɗauke ka ko farfesanci?" Ritayata ta kusa, ina tsoron a jefa ni wata jiha. Ga ƙarfe huɗu ta yi, ina so in riga cunkoson Nyanya. Na rufe fayil na miƙa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne na karanta kan kowace takarda. Na san makero, na yi shi ina yaro. Manyan likitoci suka zauna a kwamiti, da digiri a jere bayan sunansu, babu wanda ya ɗaga bangon fayil ya ga me ke ciki. Lambar akawu suka duba. Suka ba da gurbin ga wani da ya tara gajerun wasiƙu a mujallun fata. Ban ce bai san aiki ba, amma shi ma ya san wa ya fi shi.

Ta rubuto ƙorafi. Takardar ta zaga ofisoshi ta dawo teburina, an ce in yi bayani. Allah ya sake ba ni dama, ga biro a hannuna, ga fili rabin shafi. Na rubuta: "An bi ƙa'ida." Na sa hannu.

Shekarunta sun kai iyakar da aka sa wa gurbin, don haka babu zancen baɗi. Bayan wata uku takardar ajiye aikinta ta iso. Ni na buga mata hatimin karɓa. Ta wuce ta ƙofar ofishinmu, ta ce, "Baba, sai wata rana," ni kuwa na sunkuya ina neman abin da bai ɓata ba a cikin durowa.