Gurbin da Baba Ya Bari a Ƙasan Wasiƙa

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan fari, gidanmu kuma a Gwandu gidan Fulani ne da suka daɗe da jingine sandar kiwo, amma ba su jingine kunya ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙanena, "Kira min wancan." Ko makaranta baffana ne ya kai ni aka rubuta, don kada malami ya tambayi Baba sunan yaro. Ban taɓa jin haushin abin ba, haka muka buɗe ido muka gani.

Sana'arsa buga tafireta. Ya daɗe a wani ofis, har aka zo rage ma'aikata abin ya rutsa da shi. Ya koma gindin wata darbejiya yana buga wa mutane takardun koke, wata rana a samu, wata rana a wuni ana korar ƙuda. Ga ƙannena reras a gida.

Ni kuwa a ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a wani ƙaramin ofishin harkar noma a Kalgo. Aka kawo mana kwamfuta guda ɗaya tilo, muna lulluɓe ta da atamfa kamar amarya. Da yake na ɗan yi kwas a Sakkwato, ni ne gwani, ina tafiya ina hura hanci. Oganmu ya ce za a ɗauki mai buga takardu, amma sai an gwada kowa a gabansa: ya kunna, ya buga gajeriyar wasiƙa, ya adana, ya fitar a firinta. Ni na tsara wasiƙar, kan rabon taki ga manoman Dangoma, na dangwala cikakken sunana a ƙasa. Yaro da son ganin sunansa a takarda!

Da na je gida ranar Juma'a, Inna ta ja ni ɗaki. Ta ce Baba ya jima yana zuwa wani shago a Birnin Kebbi ana koya masa kwamfuta, kuma ya nemi aikin ofishinmu. "Ya ce kada ka nuna ka san shi," in ji ta. "Ba ya son a ce alfarmar ɗa ya ci." Na ce to. Amma wallahi ko kaɗan ban tuna da sunan nan na ƙasan wasiƙa ba.

Ranar gwaji aka ta da janareto. Samari suka yi ta shiga suna fita, wani ma ya ɗaga linzamin kwamfuta sama yana kaɗawa. Can sai ga Baba. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda sauran suka yi, ya rusuna wa Oga, sannan ya juyo wajena, idonsa a ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe."

Innalillahi! Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Na miƙe zumbur, na rasa inda zan sa kaina, na kama gyaran wayar da ba abin da ya same ta.

Ya zauna, ya yi bisimilla, ya kunna daidai. Da ya fara bugu sai ka ce ruwan sama a kan kwano, don da ƙarfin tafireta yake dukan madannan. Duk ƙarshen layi kuma hannunsa na hagu sai ya tashi ya ture iska, yana neman ƙarfen nan da ake turawa a koma sabon layi. Samarin da ke leƙe ta taga suka fara ƙyaƙyata dariya. Na so in ce masa layin da kansa yake sauka, to da wane baki? Ba dama in ce Baba, harshena kuma ya ƙi ɗaukar Malam. Sai na fuskanci gilashin kwamfuta na ce, "Ba sai an tura ba." Ya ce, "To, an gode."

Ya fi kowa saurin gamawa, ba kuskure. Oga ya leƙo, ya gyaɗa kai, sai kuma ya tsaya.

"Malam, ai ba ka ƙarasa ba. Ina sunan jami'in?"

Na duba. Ga muƙamina, ga sunan ofis, amma inda sunana zai zauna fili ne fetal.

Baba ya janye hannuwansa daga kan madannan.

"Ko idon ne?" in ji Oga. "Karanta min abin da ke nan in ji. In ba ka ganin ƙananan rubutu, gaskiya aikin nan ba zai yiwu ba."

"Ina gani, ranka ya daɗe."

"To karanta mana."

Kalma ɗaya ce za ta raba wannan rigima, in ce ubana ne, kuma tana bakina. Baba ya ɗan ɗago ya dube ni, kallon da na sani tun ina yaro, wato kul. Na haɗiye ta. Na tsaya ƙerere, ubana na zaune gaban yara ana tuhumarsa da makanta saboda sunan da ni na liƙa don burga.

Bai karanta ba. Ya miƙa yatsa ɗaya, shi da ke bugu da goma, ya kawar da fuska wajen bango, ya danna haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ina jin kowane danni a ƙirjina. Firinta ta yi ta ƙugi ta turo takardar, Oga ya miƙo min ya ce in duba ko an rubuta ni daidai. Daidai ne. Baba ya sa takalminsa ya fita, bai waiwayo ba.

Shi aka ɗauka. Da Oga ya ji gaskiyar magana daga baya, ya riƙe baki yana salati, ya ce da ya sani da bai matsa ba. Ni dai na yi makonni ban iya zuwa Gwandu ba, ina aika wa Inna cewa aiki ya yi yawa.

Baba bai taɓa tayar da zancen ba. Kullum zai bugo wasiƙa ya ba masinja ya kawo min, tsaf, da ɗan fili a ƙasa, ni kuma in sunkuyar da kai in cike da biro. Haka muka yi aiki har ciwon ajali ya kwantar da shi.

Bayan sadakar arba'in aka ɗauki wata yarinya mai saurin hannu. Wasiƙar farko da ta kawo min, ga sunana nan cikakke a ƙasa. Na daɗe riƙe da biro a hannu, har ta tambaye ni ko ta yi kuskure ne.