Kindirmon da Aka Ba Ni Ajiya

Ko zan manta komai na zamanmu na jami'a a Sangere, ba zan manta ranar da muka ga ɗan layin nan shuɗi ba.

Mu biyu ne a aikin kammala digirinmu, ni da ƙawata, 'yar wani ƙauye a gindin duwatsun arewacin jiharmu. Ita Kirista, ni 'yar Yola Gari, amma ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Adda take kirana, don wai na cika faɗa kamar yayarta. Mahaifiyarta tana yin wani kindirmo da ba ya saurin lalacewa, shi ƙawar tawa ta kawo muka ciro bakteriyarsa. Malaminmu ya ce da alama bakteriyar tana fitar da wani ƙanƙanin furotin mai kashe ƙwayoyin da ke ɓata nono. Muka bincika a kwamfuta, babu sunansa, babu aikinsa. Ashe manhajar binciken ma idan ta ga irinsu watsar da su take yi, don sun yi ƙanƙanta.

Kai, mun sha wuya! Akan zuba samfuri a kan jel, wani abu mai kama da daskararren koko, a sa masa lantarki. Manyan furotin sai su tsaya a hanya a gan su, namu kuwa ya zarce ya fice ta ƙasa kamar gari a rariya. Ga wuta yau akwai gobe babu. Na ce mu canja aiki, ta ce, "Adda, kin faye gajen haƙuri. Ɗan mamana ne, sai na ga fuskarsa."

Wata ranar Laraba ƙawata ta kashe na'urar lantarkin tun kafin lokaci, don kada ya zarce. Muka sa shuni, muka wanke, sai ga shi can ƙasa, siriri kamar zare. Ta daka tsalle tana "Na gode Yesu!", ni ina "Alhamdulillahi!", har mai gadi ya leƙo. Wayoyinmu duka babu caji. Ta ce, "Bar shi cikin ruwan, gobe ma ɗauki hoto."

Da safe muka tarar ya narke ya bi ruwa. Ba mu gama jimami ba aka kira ta a wayar maƙwabciyarmu: 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu, ba a san inda mahaifiyarta ta nufa ba. Na raka ta tashar Jimeta, kowa tahowa yake da ƙunshi a ka, ita kaɗai ke neman motar komawa. Na yi faɗa, na yi kuka, ta ƙi ji. Ta miƙo mini 'yar robar kindirmon ta ce, "Riƙe mini, kada ya mutu. In na dawo ma sake."

Firjin makaranta ba abin dogaro ba ne, sai na kai shi gida. Kullum in ɗebi cokali daga na jiya in zuba a sabuwar madara. Dada, mahaifiyata, takan ce, "Ke da muka tura boko, kin dawo mana mai tallan nono." Daga baya, in na yi tafiya, ita ke zubawa ba tare da na roƙe ta ba.

Har yau lambarta ba ta shiga. Na zaga sansanonin gudun hijira, na tambaya a coci-coci, shiru. Na sake gwajin ban san sau nawa ba, layin bai ƙara fitowa ba, wataƙila bakteriyar ma ta canja. Furotin ɗin bai samu suna ba, kuma mutum ɗaya tak ke iya shaida cewa na gan shi. Wallahi ina kewarta.

Abin da na koya shi ne, in Allah ya nuna maka abu yau, ka kalle shi da kyau, kada ka jingina shi da gobe. Ni dai ajiya aka ba ni, kuma da safen nan ma na zuba cokalin.